Auna ƙwaƙwalwa da mudun wata kasuwa: gwajin natsuwa da tunawa ga masu jin Sifaniyanci

Mu ɗauka ga wata dattijuwa mai shekara 72 zaune a ɗakin likita a birnin Los Angeles. A wani ƙauye na jihar Michoacán ta Meziko aka haife ta, ba ta taɓa zama a aji ba, kuma ta share shekara 30 tana tuyar abinci a bakin kasuwa kafin 'ya'yanta su ɗauko ta zuwa Amurka. 'Yarta ce ta kawo ta, wai kwana biyun nan Mamá ta cika neman makulli, shekaranjiya ma ta bar tukunya a wuta har ta kama. Likita ya jawo takarda, ya gyara zama, ya ce, "Señora, zan yi miki 'yan tambayoyi, wasu masu sauƙi ne ƙwarai, kada ki ji komai."

Ta faɗi shekarar da ake ciki, da wata, da kwanan wata, da rana. Da aka tambaye ta yanayi sai ta ce rani ne, ruwa bai sauka ba tukuna, ita kuwa takardar ɗaya daga cikin yanayi huɗu na ƙasashen sanyi take nema. Maki ɗaya ya tafi. Sunan gundumar da asibitin yake ma ba ta san shi ba. Aka faɗa mata sunayen abubuwa uku, aka ce ta riƙe su. Daga nan likita ya ce ta cire 7 daga 100, ta ci gaba da cirewa. Ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta ce, "Ɗarin mene ne, doctor?" Ya sauya mata da wata tambayar: ta jero haruffan kalmar MUNDO, wato duniya a Sifaniyanci, daga ƙarshe zuwa farko. Ba ta san haruffan daga farko ba ma, balle daga ƙarshe. Aka miƙa mata rubutu ta karanta ta aikata abin da ya ce, aka ce ta rubuta jimla, aka ce ta kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar-biyar da suka sarƙe da juna. Ta riƙe fensir kamar yadda ake riƙe ludayi. Abubuwa ukun nan da aka ce ta riƙe kuwa, ta faɗe su tsaf ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Sakamako: 20 cikin 30. Wannan takarda ita ce MMSE, wadda Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, kuma bisa al'ada duk wanda ya kasa kai 24 ana zargin ya fara gigin tsufa. Ke nan a takarda dattijuwar nan mara lafiya ce. Amma idan ka koma ka bi makin da ta zubar ɗaya bayan ɗaya, za ka ga kusan dukkansu makin makaranta ne. A wurin da aka auna tunawa tsantsa, ta cinye. A shekarar 2000 Feggy Ostrosky ta Jami'ar Ƙasa ta Meziko da abokan aikinta sun ba lafiyayyun mutane wannan gwaji, sai suka tarar waɗanda ba su iya karatu ba matsakaicin makinsu bai wuce kusan 18 ba, wato makin da a littafi ake ba mai cuta mai tsanani.

Kafin mu shiga inda gizo ke saƙar, bari mu ga abin da ake son aunawa. Mutane kan zo da magana ɗaya, "ina yawan mantuwa", alhali mantuwa kala-kala ce. Ɗauki misalin rumbu. Akwai shigar da hatsi, akwai zamansa a ciki ba tare da ya lalace ba, akwai kuma ɗebo shi ranar da ake buƙata. Natsuwa, wato tattara hankali a kan abu guda, ita ce ƙofar rumbun. Wanda bai sami barci ba, ko yake fama da ciwo, ko damuwa ta danne shi, ko yake shan maganin da ke kashe jiki, abin da aka faɗa masa bai ma shiga ba, don haka ba zai same shi ba in ya nema. Wani kuma abin ya shiga, amma rumbun a huje yake, bayan minti 20 ya zurare. Wani yana nan a ciki, hanyar ɗebowa ce ta toshe, da an ɗan tuna masa bakin zaren sai ya kama.

Cewa waɗannan ayyuka a rarrabe suke a cikin ƙwaƙwalwa, wani mutum ɗaya ne ya fi kowa nuna wa duniya. A 1953 aka yi wa Henry Molaison tiyata a Amurka saboda farfaɗiya mai tsanani, yana ɗan shekara 27, aka cire masa wani sashe na cikin ƙwaƙwalwa ta ɓangarori biyu, har da yawancin abin da ake kira hipokampus. Bayan tiyatar yana iya maimaita jerin lambobi kamar kowa. Brenda Milner, wadda ta daɗe tana nazarinsa, ta ba shi lamba 584, ya riƙe ta minti 15 yana ta juya ta a zuci. Da hankalinsa ya koma kan wani abu, lambar ta tafi, har ma ya manta an taɓa ba shi wata lamba. Ƙofa lafiya lau, rumbun ne babu.

Saboda haka masanin da ke gwajin ba tambaya ɗaya yake yi ba. Don auna natsuwa zai karanto lambobi, ɗaya a kowane sakan, a maimaita masa a jere sannan a juye. Zai ba da shafi cike da alamomi a soke iri ɗaya kawai. Zai ba da gwajin Stroop, wanda ya samo asali tun 1935, inda ake rubuta kalmar "ja" da koren tawada a ce ka faɗi launin tawadar, ka danne sha'awar karanta kalmar. Don auna tunawa zai karanto jerin kalmomi, a wasu gwaje-gwajen 12, a wasu 15 ko 16, sau da yawa, ya ga yadda koyo ke hawa. Bayan kamar minti 20 ko 30 ya sake tambaya, sannan ya karanto dogon jeri a ce masa wannan tana ciki, wannan babu. Mai cutar Alzheimer, wadda ke kawo gigin tsufa, yakan faɗi a duka biyun, har ya riƙa ƙago kalmomin da ba a faɗa ba. Mai ciwon damuwa ko wanda ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka toshe masa sau da yawa yakan kasa kawo kalmomin da kansa, amma ya gane su in ya ji. Wannan bambanci ne ke sa a san wanda za a yi wa maganin damuwa, da wanda za a fara shirya iyalinsa don doguwar jinya.

To amma maki shi kaɗai ba ya magana. Idan aka ce mutum ya tuna kalma 7 cikin 15, wannan da kyau ne ko babu kyau? Sai an san nawa lafiyayyun tsaransa ke tunawa. Ana tara ɗaruruwan lafiyayyun mutane a gwada su, a fitar da jadawali, shi ne mudun da ake auna kowane mara lafiya da shi. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san tiyar wani gari ba ta kai ta wani ba. Yawancin shahararrun gwaje-gwajen nan an yanka mudunsu ne a kan masu jin Ingilishi da suka gama sakandare. Masu jin Sifaniyanci a matsayin harshen uwa kuwa sun kai kusan miliyan 500, harshen hukuma ne a ƙasashe 20 har da Ikwatoriyal Gini a nan Afirka, kuma ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna 'yan asalin Latin Amurka da ke can sun haura miliyan 62. An daɗe ana fassara musu tambayoyin kawai, a auna su da mudun Bature.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne maganar lambobi, domin kowa zai ɗauka lamba lamba ce ko da wane harshe aka faɗe ta. A 1956 George Miller ya yaɗa ra'ayin cewa mutum yana riƙe abu kusan 7 a lokaci guda, da ƙarin biyu ko ragin biyu. Daga baya Alan Baddeley da abokansa suka nuna a 1975 cewa tsawon kalma yana da tasiri: abin da mutum ke iya riƙewa shi ne abin da bakinsa zai iya furtawa cikin kamar sakan biyu, domin a zuci maimaitawa yake yi kafin sautin ya dushe. Yanzu ƙirga gaɓoɓi. Daga 1 zuwa 9 a Ingilishi gaɓa 10 ce gaba ɗaya, lamba 7 ce kawai mai gaɓa biyu. A Sifaniyanci gaɓa 15 ce: uno, cuatro, cinco, siete, ocho, nueve duk biyu-biyu ne, dos da tres da seis ne kaɗai masu ɗaya. Wani nazari na 1986 da Naveh-Benjamin da Ayres suka yi a kan ɗaliban jami'a ya samu masu Ingilishi suna riƙe lamba 7 da 'yan kai, masu Sifaniyanci 6 da 'yan kai, masu Larabci ba su cika 6 ba. Masu jin Sinanci, da lambobinsu gajeru ne ƙwarai, sukan kai 9 har su wuce.

Gwada da namu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Kowace gaɓa biyu ce, jimla 18. Watakila wannan na cikin dalilin da ya sa Bahaushen da ba ya jin Turanci sosai yake karanto lambar wayarsa da Turanci. Ɗan Meziko kuma yakan faɗi tasa biyu-biyu, ya ce arba'in da biyar, sittin da biyu, don haka karanto masa lambobi ɗaiɗai a hankali baƙon abu ne a kunnensa tun daga farko. Bambancin lamba ɗaya ƙarami ne a ido, amma ga mutumin da ke bakin layi shi ne tsakanin a rubuta "lafiya" da a rubuta "akwai rauni".

Haka abin yake a gwajin da ake cewa ka jero sunayen dabbobi iya yawan da za ka iya cikin minti ɗaya. A 1998 Daniel Kempler da abokan aikinsa sun gwada tsofaffi daga al'ummomi daban-daban a Kalifoniya, masu jin Biyetnamanci suka fi kowa, masu Sifaniyanci suka zo ƙarshe. Sunayen dabbobi a Biyetnamanci yawancinsu gaɓa ɗaya ne, shi kuwa mai Sifaniyanci kafin ya gama cewa elefante da cocodrilo, wato giwa da kada, agogo ya yi gaba. Akwai kuma wanda ake cewa ka kawo kalmomi masu farawa da F, da A, da S. A Sifaniyanci ba a furta harafin H, don haka harina, wato gari, da A take farawa a kunne. A Latin Amurka kuma cielo da zapato da silla duk da sauti ɗaya suke farawa. Wanda makarantarsa ba ta yi nisa ba zai kawo su, a soke masa, a rubuta ya yi kuskure, alhali ƙa'idar rubutu ce aka gwada. Shi ya sa Lidia Artiola i Fortuny da abokanta suka koma amfani da P, M, da R.

Ga wani ƙaramin tarko. A gwajin bin sawu, wanda ya fito daga gwaje-gwajen sojan Amurka na 1944, ana jan layi daga 1 zuwa A, zuwa 2, zuwa B, zuwa 3, zuwa C, ana duba agogo. Tsohon da ya yi firamare a Kolombiya ko Sifaniya shekaru 60 da suka wuce ya haddace abacadarsa ne da CH tsakanin C da D, domin a lokacin harafi ne mai zaman kansa; sai a 1994 aka daina ware shi wajen jera kalmomi, a 2010 kuma aka cire shi daga jerin haruffa. Tsohon zai tsaya yana neman CH a shafin, sakan yana tafiya. Kamar a ba wanda ya tashi da a, b, ɓ, c, d, ɗ shafin da babu ɓ da ɗ ne. An ƙirƙiro wani nau'in gwajin mai amfani da lambobi cikin da'irori masu launi biyu don kauce wa haruffan, ko da yake shi ma yana buƙatar hannun da ya saba da fensir.

Sifaniyancin ma ba ɗaya ba ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Motar haya guagua ce a Kyuba da Puerto Rico, camión a Meziko, colectivo a Ajantina, a Chile kuwa guagua jariri ne. Lemon zaƙi naranja ne a yawancin wurare, china ne a Puerto Rico. Kalmar da mutum ya saba ji kullum ta fi saurin zama a kai, saboda haka jerin kalmomin da aka tsara a Madrid zai yi wa ɗan Gwatamala nauyi ba tare da kowa ya lura ba.

Duk wannan na harshe ne, kuma ana iya gyara shi da haƙuri. Maganar makaranta ta fi zurfi. A 1931 da 1932 wani masanin ƙwaƙwalwa na Rasha, Alexander Luria, ya je ƙauyukan Uzbekistan yana yi wa manoman da ba su yi karatu ba tambayoyi. Yakan nuna musu hoton guduma, zarto, gatari, da gungumen itace, ya ce wanne ne bare. Ɗan makaranta zai cire gungume, tunda sauran kayan aiki ne. Manoman suka ƙi: idan ka cire itacen, me zarto da gatari za su yi? Amsar tasu tana da hankali, sai dai ba irin wanda makaranta ke koyarwa ba ne. Alfredo Ardila, ɗan Kolombiya, ya yi karatun digirinsa na uku a Masko a wurin Luria, ya dawo da wannan tambaya Latin Amurka, ya bi ta har rasuwarsa a 2021.

A wata maƙala ta 2005 Ardila ya fayyace abubuwan da gwaji ke ɗauka kowa ya yarda da su ba tare da an faɗa ba. Cewa za ka shiga ɗaki a rufe ƙofa kai da baƙon da ba ka taɓa gani ba. Cewa zai tambaye ka abin da ya riga ya san amsarsa, kuma ba raini ba ne. Cewa za ka ƙure iyawarka a kan aikin da ba shi da amfanin komai. Cewa sauri abin yabo ne. Ɗan makaranta ya sha wannan tun yana ɗan shekara 6. Manomin da ya tashi a inda ake cewa aikin gaggawa aikin banza ne zai ja layinsa a tsanake don ya yi kyau, agogo kuma ya rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ta yi sanyi.

Daga nan gwajin ƙwaƙwalwa mai suna NEUROPSI ya fito. Ostrosky da Ardila da Mónica Rosselli sun wallafa shi a 1999 bayan sun gwada mutum 800 masu jin Sifaniyanci zalla, 'yan shekara 16 zuwa 85. Abin da ya bambanta shi shi ne yadda suka raba mudun: rukuni huɗu na shekaru, da rukuni huɗu na karatu, wato waɗanda ba su yi makaranta ko kaɗan ba, masu shekara 1 zuwa 4, masu 5 zuwa 9, da masu 10 zuwa sama. Cikin kamar rabin awa ake gama shi. Bayan 'yan shekaru suka fitar da babbansa wanda ya keɓanta ga natsuwa da tunawa, tare da Esther Gómez-Pérez da Esmeralda Matute da David Pineda, mai ɗaukar kusan awa guda, daga ɗan shekara 6 har zuwa 85. Ana mayar da makinsa kan ma'auni mai tsakiya 100, daga 85 zuwa 115 lafiya, ƙasa da 70 rauni mai tsanani.

Abu biyu suka fito daga waɗannan alkaluma da ya kamata a riƙe. Tasirin makaranta ba a miƙe yake tafiya ba: tazarar da ke tsakanin wanda bai yi ko kaɗan ba da wanda ya yi shekara 3 ta fi wadda ke tsakanin mai shekara 12 da mai 15 nesa ba kusa ba. Shekara ɗaya ko biyu a aji ma tana sauya sakamako. Sannan makaranta ba ta taɓa komai daidai wa daida. Ta fi tasiri a kan kwaikwayon zane, da kawo kalmomi ta harafi, da ayyukan natsuwa masu buƙatar tsari da sauya dabara. Tuna abin da aka ji ɗazu kuwa shekarun haihuwa sun fi juya shi. Wannan ne ya sa dattijuwarmu ta kawo kalmominta uku ta faɗi a sauran.

Wasu ma sun yanka nasu mudun. A Sifaniya akwai NEURONORMA na Jordi Peña-Casanova, wanda ya fito a 2009 don 'yan shekara 50 zuwa sama. A 2015 Juan Carlos Arango-Lasprilla da Diego Rivera suka jagoranci aikin da ya gwada mutum kusan 4,000 a ƙasashe 11 na Latin Amurka, aka ga ko tsakanin maƙwabta sakamako yana bambanta, don haka kowace ƙasa aka ba ta jadawalinta.

Wata hanyar ita ce a sauya tambayar kanta. Tun 1979, lokacin da Antonio Lobo ya mayar da MMSE zuwa Sifaniyanci a Zaragoza, ya cire lissafin bakwai-bakwai ya sa kuɗi: idan kana da peseta 30 kana ba ni uku-uku, nawa ke rage maka? Tambayar dattijuwarmu ta "ɗarin mene ne" ta sami amsa: yanzu kuɗi ake ƙirgawa. Cristóbal Carnero Pardo na Granada ya ƙara gaba da Eurotest, inda ake zube tsabar kuɗi na gaske a kan tebur, mutum ya ƙirga, ya yi canji, ya raba, bayan ɗan lokaci a tambaye shi nawa ne kuma waɗanne iri ne. A kudancin Fotugal, Alexandra Reis da abokanta sun ga matan da ba su yi karatu ba suna baya a jero dabbobi, amma da aka ce su jero abin ci da ake saye a kanti sai tazarar ta ɓace. Irin wannan tunani ne ya haifi gwajin tsinken ashana a Ibadan, wanda Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka wallafa a 2005: maimakon zane da fensir, a jera tsinke huɗu a wani fasali, tsoho ya kwaikwaya.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce a rage wa marasa karatu layi kawai a huta. Sai dai gaba kura ce baya sayaki. A arewacin Manhattan, masu bincike na Jami'ar Columbia, ciki har da Jennifer Manly da Miguel Arce Rentería, sun bi tsofaffi 983 da ba su wuce shekara 4 a makaranta ba, da yawansu daga karkarar Jamhuriyar Dominika. 237 daga cikinsu ba su iya karatu ba. Rahoton 2019 ya nuna waɗannan sun ninka masu iya karatu kusan sau uku wajen samun gigin tsufa tun a farkon nazarin, kuma sun ninka su sau biyu wajen kamuwa daga baya. Wani ɓangare na wannan ƙila laifin mudu ne, amma masana da yawa suna ganin rashin karatu shi kansa yana rage wa ƙwaƙwalwa abin da za ta jingina da shi idan cuta ta zo. Ƙara da talauci, da ciwon suga da hawan jini da ba a kula da su ba. Idan ka sassauta layin da yawa, za ka sallami mai cuta ta gaske da cewa ai haka tsaransa suke, ya koma gida ba magani ba shiri.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar "shekara nawa ka yi a makaranta" a matsayin amsa gamsasshiya. Shekara 6 a makarantar ƙauye mai malami ɗaya, wadda yara ke barin ta duk lokacin tsinkar kofi, ba ɗaya take da shekara 6 a Buenos Aires ba. Shi ya sa wasu ke auna iya karatun kai tsaye. A Ingilishi ana ba mutum kalmomin da furucinsu ya saɓa wa rubutunsu, amma Sifaniyanci yadda aka rubuta haka ake karantawa, sai Teodoro del Ser ya ɓullo da wata dabara a 1997: kalmomi 30 da ba a cika amfani da su ba, an cire musu alamar da ke nuna gaɓar da ake dannawa, wanda ya san kalmar ne kawai zai furta ta daidai. Mai karanta Hausar boko, wadda ba a sa mata alamar karin sauti, ya san wannan wasan. Kuma duk ranar da aka zo yanka wa Hausawa nasu mudun za a ci karo da wannan tambaya da babbar murya: alaramman da ya haddace izu 60 ya rubuta su da ka, a wane layi za a sa shi, tunda a takarda shekarunsa na makaranta sifili ne?

Sai batun wane harshe ma za a yi gwajin da shi. Mutumin da ya bar Meziko yana ɗan shekara 15 ya yi shekara 40 a Houston yana ƙirga da addu'a da Sifaniyanci, yana aiki da Ingilishi. Nazarce-nazarce, har da na Rosselli, sun nuna masu harshe biyu sukan kawo kalmomi kaɗan a kowane harshe shi kaɗai idan aka kwatanta da masu harshe ɗaya, ko da lafiyarsu ƙalau. Akwai kuma wanda aka rubuta masa "mai jin Sifaniyanci" don fasfonsa na Gwatamala ko Peru ne, alhali K'iche' ko Quechua ya sha a nono. In kuma babu masani mai jin harshen, sai a ce 'ya ta yi tafinta. 'Ya kuwa ba za ta iya kallon uwarta tana lalube ba. Za ta maimaita tambayar, ta sauƙaƙa ta, ta gyara amsar kafin ta isar, duk cikin ƙauna, gwajin kuma ya tashi daga aiki.

Neman gwajin da makaranta ba ta taɓa shi sosai ya kai masana tsaunukan Antioquia na Kolombiya. A garin Yarumal da kewayensa akwai wani babban dangi mai mutum kusan 6,000, waɗanda Francisco Lopera ya bi tun shekarun 1980 har rasuwarsa a 2024. Da yawansu suna ɗauke da wani gurɓin ƙwayar gado da ke kawo Alzheimer da wuri, alamu su fara a wajen shekara 44, cikakken gigi a wajen 49. Mutanen yankin la bobera suke kiran abin, wato wauta. Tunda ana iya sanin wanda zai kamu tun yana lafiya, wuri ne da za a gane gwajin da ke hango cuta da wuri. A 2010 Mario Parra ya wallafa sakamakon wani gwaji mai sauƙin fasali: a nuna maka 'yan siffofi masu launi, su ɓace, su dawo bayan ɗan lokaci kaɗan, ka ce sun sauya ko suna nan. Masu ɗauke da gurɓin da ba su fara nuna komai ba suna tuna siffa ita kaɗai, suna tuna launi shi kaɗai, amma haɗa wace siffa ce da wane launi yana ba su wuya, a lokacin da gwaje-gwajen da aka saba ba su ga komai ba. Babu harafi a ciki, babu lamba, babu fensir.

Dattijuwarmu dai, idan ta dace da masanin da ya san aikinsa, zai fara da hira kafin ya taɓa takarda. Zai tambayi wane harshe aka yi mata magana da shi tana yarinya, ko ta taɓa koyon sa hannu, yadda take barci, magungunan da take sha, ko kunnenta yana ji sosai, ko kewar gida tana damunta tun da ta baro ƙauye. Zai keɓe da 'yar ya tambaye ta abin da Mamá take yi da kyau shekara 5 da suka wuce wanda yanzu ya gagare ta: ko har yanzu tana haɗa miyar biki ba tare da ta tsallake wani abu ba, ko tana gane canjin da aka ba ta a kanti, ko tana maimaita labari ɗaya sau uku a wuni. Sannan ya gwada ta da Sifaniyancin Meziko, ya duba makinta a layin 'yan shekara 66 zuwa 85 da ba su yi makaranta ba. Ko me ya fito, zai ajiye takardar, ya ce su dawo bayan shekara guda a sake, domin a karo na biyu da makinta na bara za a kwatanta ta.